Aikin sabar tirakan adaidaita: tantance fakitin GT06 kafin a yarda da shi

3 ga Fabrairu, 2025

Bari in dinga ajiye abin da nake yi a rubuce saboda aikin nan ya fara yin rassa. Wani Alhaji ne a nan Kano yake da adaidaita sahu da yake bai wa matasa suna kawo balas kullum har su gama biya ta zama tasu, kowacce kuma an saka mata tiraka, wato na'urar GPS mai nuna inda mashin take, irin ƙananan nan da rewaya yake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera. Kuɗin sabunta manhajar da ta zo da su duk shekara ne ya ishe shi, shi ne ya ce in haɗa masa sabar tasa ta kansa. Tirakan duk yaren GT06 suke ji, wato yarjejeniyar da suke bi wajen magana da saba, asalinsa na kamfanin Concox ne na Shenzhen amma yanzu masu kwaikwayo sun yi yawa, kowa ya buga nasa ya ce shi ma GT06 ne.

Abin da suke turowa ba rubutu ba ne da za ka buɗe ka karanta, bayit ne zalla ta TCP, hanyar aika bayanai ta intanet. Kowane fakiti, wato ƙunshin saƙo ɗaya, yana farawa da 78 78 a heks (rubutun lamba mai tushe 16), sai bayit ɗaya na tsawo, sai bayit ɗaya da yake faɗin irin saƙon, sai kayan ciki, sai siriyal bayit 2, sai CRC bayit 2, wato lambar da ake lissafowa daga bayit ɗin saƙon don a gane ko ya lalace a hanya, a rufe da 0D 0A. Tsawon nan kuma ba na fakitin gaba ɗaya ba ne, daga bayit ɗin iri yake farawa ya tsaya a ƙarshen CRC, wato kayan ciki a ƙara musu 5. Irin saƙonnin da suka fi zuwa, lambobinsu a heks, su ne 01 na shiga da IMEI, lambar shaidar na'ura, 12 na wurin da mashin ɗin take, 13 wanda tiraka take nuna tana raye tare da ƙarfin batir da netwok, sai 16 na ƙararrawa.

Ƙa'idar da zan bi a aikin guda ɗaya ce, duk gurbin da zan iya lissafo abin da ya kamata ya kasance a cikinsa daga sauran bayit ɗin, to ni ma sai na lissafa da kaina na haɗa da abin da tiraka ta faɗa. In sun zo ɗaya a wuce, in sun saɓa a tsaya. Python zan yi amfani da ita da laburaren construct, 2.10, mai warware bayit da haɗa su bisa tsarin da ka rubuta masa.

6 ga Fabrairu

CRC ce ta cinye yau. Takardar yarjejeniyar GT06 cewa ta yi CRC-ITU, to matsalar ita ce CRC masu bit 16 da suke aiki da 0x1021 sun fi ɗaya kuma a baki duk ITU ko CCITT ake ce musu. Akwai crc_hqx a cikin binascii na Python, mutum zai ɗauka ya huta, ashe ba ita ba ce. Hanyar bambance su mai sauƙi ce, ka ba kowacce rubutun 123456789 ka ga me za ta fitar: XMODEM tana ba da 31C3, wacce take farawa da FFFF ba tare da juya bit ba tana ba da 29B1, ita kuma X-25 tana ba da 906E. Ta GT06 ita ce X-25 ɗin. Ana farawa da FFFF, bit a juye don haka 8408 ake gani a kod maimakon 1021, a ƙarshe a sake juya sakamakon da FFFF.

```
def crc_x25(data):
    c = 0xFFFF
    for b in data:
        c ^= b
        for _ in range(8):
            c = (c >> 1) ^ 0x8408 if c & 1 else c >> 1
    return c ^ 0xFFFF
```

Daga ina zuwa ina ake lissafawa shi ma abin lura ne, daga bayit ɗin tsawo zuwa ƙarshen siriyal, ban da 78 78 na kai. Samfurin shiga da yake cikin takardar shi ne 78 78 0D 01 01 23 45 67 89 01 23 45 00 01 8C DD 0D 0A, amsar sabar kuma 78 78 05 01 00 01 D9 DC 0D 0A. Na ba wa kod ɗin 05 01 00 01 ya fitar da D9DC, alhamdulillah. Su biyun nan sun zama tes na farko a aikin, duk ranar da na taɓa wani abu suka faɗi na san na ɓaro.

Wani abu da na so in yi dabara da shi bai yiwu ba. A X-25 in ka bi da lissafin ta kan saƙo har da CRC ɗinsa, ragowar kullum F0B8 take fitowa, sai kawai ka duba ita. Amma hakan sai in ƙaramin bayit ne a gaba, su kuma GT06 babban bayit suke sawa a gaba. Na bar ta, lissafi da gwadawa ya fi fitowa fili ga wanda zai karanta kod ɗin a bayana.

10 ga Fabrairu

Ga yadda fatar fakitin, wato kai da tsawo da CRC da wutsiya, ta tsaya yanzu:

```
Fakiti = Struct(
    "kai" / Const(b"\x78\x78"),
    "jiki" / RawCopy(Struct(
        "tsawo" / Int8ub,
        Check(this.tsawo >= 5),
        "iri" / Int8ub,
        "kaya" / Bytes(this.tsawo - 5),
        "siriyal" / Int16ub,
    )),
    "crc" / Checksum(Int16ub, crc_x25, this.jiki.data),
    "wutsiya" / Const(b"\r\n"),
)
```

RawCopy shi ne sirrin, yana riƙe maka ɗanyen bayit ɗin da aka karanta daidai yadda suka zo, sai Checksum ya lissafa a kansu. Kar mutum ya ce zai warware fakiti ya sake haɗa shi sannan ya lissafa CRC a kan wanda ya haɗa, domin in akwai bit ɗin da tsarinka bai san da shi ba zai ɓace a hanya kuma ba za ka taɓa gane dalilin da ya sa lissafi yake saɓawa ba.

Akwai abubuwa huɗu a construct da suke kama da juna a ido amma aikinsu daban, kuma a nan mutane suke rikicewa. Const na abin da ba ya canzawa ne irin 78 78, ba za ka ba shi lissafi ba. Computed yana lissafo abu ya ajiye maka a sakamako ba tare da ya ci ko bayit ɗaya ba, amma ba ya hana komai wucewa. Check shi ne ɗan sandan, ka ba shi sharaɗi in bai cika ba ya jefo CheckError. Sai Rebuild wanda ya fi yaudara. Kana ganin an rubuta Rebuild da lissafin tsawo a gefensa za ka rantse yana dubawa, alhali lissafin nan lokacin haɗa fakiti kawai yake aiki, lokacin karantawa duk abin da ya tarar a gurbin shi zai miƙo maka ko da 200 ne a inda ya kamata a ga 9. Na gwada da gangan, na canza bayit ɗin na gyara CRC, ya wuce sumul ba ko tari. Saboda haka duk inda na sa Rebuild sai na bi shi da Check a ƙasansa mai ɗauke da lissafi iri ɗaya, kuma lissafin a waje guda nake rubuta shi su biyun su kira, kar wata rana a gyara ɗaya a manta ɗaya.

Inda wannan ya fi amfani shi ne tsayin da suke cikin ciki. A saƙon 12 bayan kwanan wata akwai bayit ɗaya da aka raba biyu, rabin sama tsawon bayanin GPS ne wanda ya kamata ya zama 12, rabin ƙasa yawan tauraron da take gani, shi ya sa za ka ga CF ko C8. A saƙon 16 kuma akwai tsawon bayanin eriyar waya, 9 har da shi kansa. In ka tara komai, 12 tsawonsa 31 ne wato 1F, 13 tsawonsa 10, 16 tsawonsa 37. Waɗannan lambobin ban kwafe su na liƙa ba, kod ɗin ne yake tara su daga girman gurabun.

14 ga Fabrairu

Tiraka ta gaske ta fara magana da sabar, rewaya ya ba ni guda ɗaya da batir na ajiye a taga. Nan da nan abin da ba ya fitowa a samfurin takarda ya fito. TCP ba ta san fakiti ba, kwarara ce kawai, wani lokacin karatu ɗaya ya kawo maka fakiti biyu manne da juna wani lokacin rabi ya zo sauran sai bayan daƙiƙa biyu, musamman a 2G ɗin da sim ɗin nan suke kai. Kuma wanda ya ce zai yanka a duk inda ya ga 0D 0A ya shiga uku, domin 0D 0A tana iya faɗowa a tsakiyar latitud ko a CRC ko ma a kwanan wata, ƙarfe 13 da minti 10 ai 0D 0A ce cif. Haka 78 78 ma tana iya zuwa a tsakiya.

Yanzu tsarin shi ne bafa, wato wurin tara bayit ɗin da suka iso, ga kowane haɗi. A nemi kai, a karanta tsawo, in bayit ɗin da suke hannu ba su kai tsawo a ƙara 5 ba a jira, in sun kai a duba ko wutsiya tana daidai inda lissafi ya ce za ta kasance, sannan CRC. Na sa wutsiya kafin CRC saboda ta fi arha. In wani ya faɗi ba na zubar da bafan gaba ɗaya, bayit ɗaya kawai nake tsallakewa in sake neman kai, don wataƙila 78 78 ɗin da na kama na bogi ne kuma fakitin kirki yana nan gaba kaɗan.

Sai fakitin da suke farawa da 79 79, su gurbin tsawonsu bayit 2 ne. A nan dole a sa iyaka, in ba haka ba shara ta ce maka tsawonta 60,000 ka zauna kana jiran abin da ba zai zo ba, haɗin ya maƙale. Na yanke a 1024, kuma jiran ma yana da wa'adi.

15 ga Fabrairu

Ƙaramin abu. Tiraka in ta turo shiga ba ta ji amsa cikin daƙiƙa 5 ba tana ɗauka haɗin ya lalace ta sake daga farko, kuma amsar dole ta ɗauki siriyal ɗin da ta turo. Don haka amsa tana fita da zarar fata ta tabbata, sauran bincike da rubutu a databes su biyo baya.

20 ga Fabrairu

An juyo da rukunin farko na mashinan zuwa sabar. Wlh abin da na gani yau shi ne ainihin aikin, na baya duk share fage ne. Kusan duk fakitin CRC ɗinsu lafiya lau, ba abin mamaki ba ne tunda TCP ma tana da nata binciken, amma abin da yake cikin wasunsu ƙarya ce tsagwaronta. CRC kamar ɗinkin bakin buhu ce, tana nuna maka ba a farke shi a hanya ba, ba ta ce maka shinkafa aka zuba ko yashi ba.

Na farko, wata tsohuwar tiraka tana cewa yau 7 ga Yuli, 2005. Awa da minti daidai, ranar ce kawai ta koma baya. Wannan ba hauka ba ne, lissafi ne. Tsohon siginar GPS yana ƙirga mako da bit 10, in ya kai 1024 sai ya koma sifili, ya faru a Agusta 1999 ya sake faruwa 6 ga Afrilu 2019, kuma na'urar da ba a gyara mata kai ba sai ta koma baya da mako 1024, kwana 7168 kenan. Ɗora 7168 a kan 7 ga Yuli 2005 za ka sauka a 20 ga Fabrairu 2025. To sharaɗin da na rubuta shi ne in kwanan ya yi nisa da agogon sabar, a ƙara masa 7168 a gani, in ya sauka kusa da yanzu a gyara a sa masa alama cewa gyararre ne, in bai sauka ba a ajiye shi gefe. Ban yarda da gyara a ɓoye ba, ɗanyen kwanan yana nan a gurbinsa.

Na biyu, latitud da longitud sifili sifili, wanda a taswira tsakiyar teku ne kudu da Ghana. Wannan mai sauƙi ne domin tiraka da kanta ta faɗa, a bayit biyun alkibla akwai bit ɗin da yake nuna ko ta kama tauraro ko ba ta kama ba, kuma a kashe yake. Sauran bit ɗin wajen: ɗaya na arewa ko kudu, ɗaya na gabas ko yamma, goman ƙarshe alkibla wacce bai kamata ta wuce 360 ba duk da bit 10 suna iya kaiwa 1023. Lambar wurin kanta ana raba ta da 1,800,000 a sami digiri, Kano tana wajen digiri 12 arewa don haka za ka ga abu kusa da 01 49 97 00. Latitud ba zai wuce 162,000,000 ba longitud ba zai wuce 324,000,000 ba, waɗannan Check ne kai tsaye.

Na uku, guda biyu agogonsu yana gaba da GMT da awa 8 cif, wato an bar su a lokacin Caina. Awa 8 daidai ba kuskuren tauraro ba ne, saiti ne, SMS ɗaya ya gyara su.

27 ga Fabrairu

Na raba binciken gida uku saboda tsanani iri ɗaya a ko'ina ɓarna yake yi. Na fata, wato kai da tsawo da wutsiya da CRC, in ya faɗi babu amsa babu ajiya sai dai a log da heks ɗinsa. Na tsari, wato tsayin ciki da iyakokin gurabu irin batir 0 zuwa 6 da netwok 0 zuwa 4, in ya faɗi ana amsa wa tiraka don kar ta yi ta yanke haɗi amma ba ya hawa taswira. Na ma'ana kuma, lokaci da gudu da makamantansu, ba ya zubar da komai sam, alama kawai yake sawa.

Abin da ya kawo rabon nan, sababbin tirakan da Alhaji ya sayo saƙon shigarsu tsawonsa 17 ne ba 13 ba, sun ƙara bayit 2 na samfurin na'ura da bayit 2 na yankin lokaci da yare. CRC daidai, komai daidai, sharaɗin tsawo ne kawai ya tare su, mashin suna titi suna aiki amma a allo babu su. Rewaya ya kira ni yana cewa Injiniya waɗannan fa ni na ɗaura su da hannuna fitilarsu tana ci, matsalar daga wajenka take. Gaskiyarsa ne. Yanzu kowane iri yana da jerin tsayin da aka sani, kuma abin da yake da CRC mai kyau amma tsawonsa baƙo ne ana ajiye shi a wani teburi daban in duba da ido.

IMEI ma na ƙara masa bincike biyu. Yana zuwa a bayit 8, kowane rabin bayit lamba ɗaya, na farko sifili ne na cike gurbi, saboda haka duk rabin da ya wuce 9 shara ne. Sannan lamba ta 15 ta Luhn ce, wato lambar tantancewa, ana lissafo ta daga 14 na farko. Abin dariya samfurin da yake takardar, 123456789012345, bai ci Luhn ba, lissafi 7 yake bayarwa a ƙarshe ba 5 ba, lambar misali ce kawai. Shi ya sa Luhn ɗin gargaɗi ne a wajena, abin da yake hana shiga shi ne IMEI ba ya cikin jerin mashinan Alhaji.

5 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan asuba. Yau kuma sai ga dalilin da ya sa duk wahalar nan take da amfani. Sharaɗin Alhaji da yaransa shi ne ba a fita da mashin wajen gari sai da izini. Jiya yaron ofis ɗinsa ya ga ɗigo ɗaya a taswira wajen Wudil, har an kira ɗan sahun ana masa faɗa yana rantsuwa shi Sabon Gari ya wuni. Alhaji ya kira ni ya ce Injiniya duba min, na'ura ce take ƙarya ko yaron ne.

Na ciro fakiti uku a jere. Na farko a cikin gari, na biyu Wudil, na uku ya dawo inda na farko yake, tsakanin kowanne daƙiƙa 20. Kano zuwa Wudil wajen kilomita 40 ne, in ka raba da daƙiƙa 20 gudun ya haura kilomita 7,000 a awa, ita kuma tiraka a gurbin gudu ta rubuta 14. Ƙari a kan haka bayanin eriya bai motsa ba, lambar ƙasa (MCC) 621 ta Najeriya, lambar kamfanin waya (MNC) 30 ta MTN, lambar yanki (LAC) da lambar eriya iri ɗaya a duka ukun, tauraro kuma 3 kacal take gani a na tsakiyar. Na ce ranka ya daɗe yaron nan bai je ko'ina ba, sai dai in adaidaitar fiffike gare ta. Ya yi dariya ya ce a ba shi haƙuri.

Na mayar da wannan lissafin kod. Kowane sabon wuri ana auna nisansa da na baya da haversine, lissafin nisa tsakanin wuri biyu a doron duniya, a raba da bambancin lokaci, in gudun da ya fito ya wuce 120 a sa alama, in kuma eriya ba ta canza ba alhali an ce an yi tsallen kilomita da yawa a ƙara alama ta biyu, mai alama biyu ba ya fitowa a taswirar ofis kuma ba ya tayar da ƙararrawar fita gari. Irin wannan ba zai shiga cikin Struct ba saboda yana buƙatar fakitin baya, shi construct fakiti ɗaya kawai ya sani, don haka yana wani aji daban mai riƙe da halin kowace mashin.

Tarko ɗaya a nan, tiraka in ta rasa netwok tana tara wurare ta juye su gaba ɗaya in ta samu. In ka auna gudu da lokacin isowa za ka ga kowa yana tashi sama. Da lokacin da yake cikin fakitin ake jerawa. Haka ma binciken agogo ba daidai yake ta ɓangare biyu ba, fakitin da ya ce shi na gobe ne ƙarya ne, wanda ya ce shi na awa shida da suka wuce ne yana iya zama gaskiya.

8 ga Maris

Siriyal. Abin da ake sa rai shi ne na baya a ƙara 1, in ya kai 65535 ya zagayo. In an yi tsalle to wani abu ya ɓace ko ni na zubar, ina ƙirga su don in san ko bincikena ya yi tsanani. In kuma ya koma 1 tare da sabon saƙon shiga, na'urar ce ta mutu ta tashi. Mashin guda tana yin haka kullum da daddare ba tare da ƙararrawar yanke wuta ba, rewaya ya duba ya tarar batirin cikin tirakar ya mutu, ana kashe mashin take ɗaukewa.

13 ga Maris

Ɓangaren turawa, wanda ya fi ba ni tsoro. Saƙon 80 shi ne umarni daga sabar zuwa tiraka, da shi ake yanke mai ta rile, wato makunnin lantarki da tiraka take sarrafawa. A nan Rebuild ya yi ranarsa, ka ba shi rubutun umarni shi zai cika tsawon ciki, wato bayit 4 na alamar sabar a ƙara tsawon rubutun, ya cika tsawon waje, Checksum ya ɗora CRC. Duk da haka kafin ya fita sai na sake bi da shi ta mai karantawa na tabbatar abin da ya fito shi ne abin da na shigar. Bayit 4 ɗin nan na alama tiraka tana dawo da su a amsarta ta 15, da su nake gane wace amsa ce ta wane umarni, in ba su dace da wanda nake jira ba amsar ba tawa ba ce.

Abin da nake ta nanata wa yaron ofis shi ne CRC ba kwaɗo ba ce. Layi bakwai ne na kod, kowa zai iya lissafa ta, kuma yarjejeniyar ba ta ɓoye komai, wanda ya san IMEI da adireshin sabar zai iya turo fakitin ƙarya mai CRC tsaf. Ko shara zalla ma tana da damar 1 cikin 65,536 ta dace. Abin da zan iya yi daga nan shi ne in lura in IMEI ɗaya ya buɗe haɗi biyu a lokaci guda ko siriyal ɗinsa ya yi tsallen da ba dalili.

Maganar yanke mai kuwa na faɗa wa Alhaji ba zan kunna maɓallin ba sai da sharaɗi, wurin ƙarshe ya zama sabo ba wanda aka juye daga ajiya ba, ba shi da alama ko ɗaya, kuma gudun da tiraka ta faɗa da wanda na lissafa su biyun su nuna a tsaye take ko tana rarrafe. Mashin da fasinja a kan titin Zariya ba abin da za a kashe wa inji a kan fakiti ɗaya ba ne. Bai so ba da farko, yana ganin in an sace mashin kowane minti asara ne, amma ya yarda.

19 ga Maris

Tes na ɓarna. Samfurin shiga bayit 18 ne, bit 144, kod yana juya su ɗaya bayan ɗaya kuma dole kowanne a ƙi shi, duka an ƙi. Sai na biyu wanda ya fi tono abubuwa, a lalata gurbi sannan a gyara CRC ta dace, don a ga ko binciken ciki yana aiki da kansa ko fakewa yake a bayan CRC. Nan ya kamo wata 13 da rana 32 suna fasa datetime da ValueError wanda ba ya cikin kurakuran construct da nake tarewa, haɗin gaba ɗaya yake faɗuwa. An rufe wannan. Na uku, a yanka fakiti a kowane wuri a turo shi kashi biyu, da kuma a manna uku a turo lokaci guda.

Na leƙa Kaitai Struct, wata hanyar bayyana tsarin bayit mai fitar da kod a yarukan manhaja daban-daban, saboda ɗan'uwan da zai yi manhajar waya yana son tsarin a Java. Tun 0.9 suna da valid, ana iya sa eq ko min da max ko expr, zai ɗauki binciken tsayi da iyakoki lafiya, CRC ɗin dai sai an rubuta ta a gefe. Ban yanke shawara ba tukuna.

Abin da ya rage a gabana: saƙon 22 na sababbin tirakan, wanda ya ƙara bayit na kunnin mashin da dalilin turowa da alamar ko daga ajiya aka juyo shi, wannan alamar za ta maye gurbin hasashen da nake yi da agogo. Teburin baƙin tsayi yana da iri biyu masu kai 79 79 da ban warware ba, na tura wa mai sayar da tirakan heks ɗinsu ya tambayo min takarda. Maɓallin yanke mai yana nan a kashe har bayan sallah.